Shekarar da Duniya ta Yi wa Baba Takaba

Baba ya rasu a tsakiyar bazara, lokacin cirar albasa, a makon da rediyo ta fara maganar korona safe da yamma. Ni malamar lekol ce a Madawa. An sallami yara, an ce kowa ya zauna gida, ina cikin tunanin yadda zan yi da hutun da ban roƙa ba sai aka kira ni a waya aka ce in zo garinmu Tama. Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gidanmu an riga an kai shi.

Tari ya yi da zazzaɓi na ƴan kwanaki. Da a wata shekara ce, da an ce ajali ne, a wuce wurin. Amma a waccan shekarar tari ya zama abin gudu, ga shi kuma an yi shela cewa babu taro, na biki ko na mutuwa. Waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da ya ci mini rai, har yau kuma in na tuna sai na ji ɗaci. Baba bai taɓa jin an yi rasuwa ya zauna ba. Ko yana tsakiyar ban ruwa a fadama, da an ce wane ya cika, zai bar komai ya saɓa diga ya nufi maƙabarta. Da wuya a sami gida a unguwarmu da bai haƙa wa kabari ba.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, zane ɗaya, ba kwalli, ba kitso, ba fita. Ta sa na shimfiɗa mata tabarma a inda za ta riƙa hango bakin zaure, wurin da masu gaisuwa suke tuɓe takalma. Can take zuba ido tun hantsi har rana ta karkata. Ba ta ganin komai sai silifas ɗina da kaji. In na kawo fura sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture ƙwaryar.

"Ina mutane?" ta ce da ni rannan, a hankali. "Mi ya yi musu?"

Na ga wuyanta yana ramewa, na tsorata. Na san baƙin ciki yana kisa, kuma ba na son in rasa su biyu a bazara ɗaya.

Kwanakin nan sun narke mini a kai, ba na iya raba wannan da wancan. Zafi ya kwanta a tsakar gida, warin albasa yana tasowa daga rudu, ɗakin karan da Baba ya fara cikawa bai gama ba. Kurciya tana kuka a kan katanga kamar mai tambayar da ba a ba ta amsa ba. Wani lokaci da rana tsaka ina gyangyaɗi sai in ji kamar ƙarar digarsa daga nesa, in buɗe ido in ga babu kowa sai inuwa ta matsa kaɗan.

Ranar Jumma'a Inna ta kasa kunne. Hanyar babban masallaci ta bayan ɗakinta ta bi, ta saba jin takun maza da gyaran murya da ƙamshin turarensu. Shiru. Ta tambaye ni ko ta ɓata lissafi ne. Sai malantar ta motsa, na zauna na yi mata darasi tiryan-tiryan: an hana jam'i, an rufe lekol, an rufe iyaka, ba shiga Yamai ba fita, ba biki, ba musabaha, kowa ya zauna ɗakinsa. Na ce mata har Makka an tsayar da baƙi.



"Ba ado, ba buki, ba hita," ta ce. "To ɗiyata, ai wagga takaba ta. Ashe taya ni sunka yi."

Ni mutum ce da ba ta iya ganin kuskure ta wuce, ƴan ajina shaida ne. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga ta jawo ƙwaryar fura ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga gindinta. Na haɗiye gyarana.

Daga ranar na zama mai kawo mata labarin masu taya ta takaba. Kullum da la'asar sai ta tambaya, "Su wa da wa sunka shiga yau?" In ce Faransa na ciki, Abijan na ciki, Sakkwato ma haka. Ta gyaɗa kai ta ce lalle, ai albasarsa ta je duk wuraren nan. Da na nuna mata takunkumin da ake ɗaurawa a baki ta yi dariyar farko tun rasuwar, ta ce ita jaki da ɗan maraƙi ta sani da shi, amma ba laifi, mai takaba ba a son shi da yawan magana. Ni kaina, in rana ta yi sanyi na tsaya a bayan gida na hangi layukan dogon-yaro a fadama ba motsin kowa, sai in ji kamar gaskiya ta faɗa, duniya ta sunkuyar da kai saboda wani tsoho mai diga.

Azumi ya zo ya wuce. Aka buɗe masallatai, takun maza ya dawo bayan ɗakinta, wata rana ma muka jiyo kalangu. Na yi tsuru-tsuru. Ita ko cewa ta yi maza ba su da haƙuri, abin da suka yi ma sun yi ƙoƙari. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tashi ya rufe hanyar rijiya.

Ranar fita ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta ɗaura sabon zane, ta ce in raka ta godiya gida gida. Gidan farko na abokin Baba ne, maƙwabcinsa a fadama tun suna samari, tsoho mai faɗar gaskiya ko da za ta ƙona gari, kuma shi ma bai je jana'izar ba. Muka same shi a zaure yana gyaran hauya. Inna ta durƙusa ta ce ta zo ban gajiya, Allah ya saka da takabar da suka taya ta.

Ya ajiye hauyar, ya kasa ɗaga kai.

"Ba takaba munka yi ba," ya ce. "Tsoro munka ji. Shi ya gina kabarin uwata da na ɗiyana, ni ko ina jin an wuce da shi na rufe ƙohwa."

Na riƙe kafaɗarta, ina jiran ta sulale. Ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani, Malam," ta ce. "Kunnena lahiya lau shike. Amma cikinku ni ka zama har in bi shi, in na kira abin da sunanai ba ni iya shan ruwan gidan kowa. Na ce takaba ta. Ka bar ta hakanan."

Tsohon ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Muka tashi, ba mu ƙara shiga wani gida ba, ta ce ƙafafunta sun manta tafiya.

Washegari da hantsi na ji sallama. Abokin Baba ne, ya tuɓe takalmansa a bakin zaure, ya zauna a ƙasa ya ce, "Ya haƙuri?" kamar jiya aka yi rasuwar. Bayansa liman, bayansa masu lambu, sannan mata da ƙoren gero a kai. Inna tana zaune a tabarmar nan da sabon kitsonta tana amsa gaisuwa, idonta na kan ƙofa. Can ta yafito ni ta raɗa mini in je in kawar da takalman gefe, sun tare wa mutane hanya.