Gudun Ubale Mai Taya

Duk Bahaushen da ya zauna Greensboro a shekarun casa'in ya san Ubale mai taya. In bai san shi don taya ba, to ya san shi don shiga sharo ba shanu. Mutumin Ringim ne. A 1982 ya zo karatun aikin gona, waɗanda suka turo shi suka manta da shi, karatu ya gagara. Sai ya kama aiki a wani shagon tsofaffin tayoyi a gabashin gari, bayan jami'a, har mai shagon ya tsufa ya sallama masa. Ya yi aure, ya zama ɗan ƙasa, ya ajiye tumbi. Abu ɗaya ne Amurka ta yi ta yi ta kasa cire masa: Ubale ba ya iya ganin mutum biyu suna faɗa ya wuce.

Gado ne. Mahaifinsa mahauci ne a kasuwar Ringim, kuma duk dambe in ya kaure, shi ake kira. Ƙa'idar gidansu ɗaya ce: a raba tukuna, a tambayi mai gaskiya daga baya. Haka Ubale yake yi a bakin shagonsa, a gidan mai, a filin ƙwallon yara. Ya lallaɓo ta baya ya rungume wanda ya fi ƙarfi, yana ba shi haƙuri cikin Turancinsa mai warin daddawa. Ya bar haƙori guda a wannan sana'a, ga tabo a gira. Mutanen unguwa har suna suka sa masa, Rafali, shi kuwa ya fi jin daɗin sunan nan fiye da na yanka.

Matarsa Nasiba ba ta ga abin daɗi ba. "Baban Ilham, nan fa ba Ringim ba ce," in ji ta. "Wata rana a kwance za a kawo min kai, saboda mutanen da ko sunanka ba su iya faɗa ba." Shi kuma ya ce mata ai wanda ya ga wuta ya wuce, shi ma da hannunsa a gobarar.

A bazarar 1996 wasu samari biyu suka shigo shagon da rana tsaka, da bindiga. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Kwantar da shi suka yi rub da ciki a tsakanin tayoyi, ɗaya ya ɗora masa takalmi a ƙeya, suka kwashi abin da suka kwasa. Wannan takalmin ne ya tsaya masa a rai. Abokinsa Moutari, ɗan Damagaram mai tuƙin tasi, ya zo jaje ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Malam Ubale, doka ta sake. Yanzu kai da kake ɗan ƙasa kana iya neman laisin, ka riƙa yawo da bindigarka a ɓoye. Kai da ke shiga tsakanin mutane, ai kai ka fi kowa bukata."

Maganar ta shige shi. Matsalar ita ce Nasiba, wadda ta riga ta rantse cewa ranar da bindiga ta shigo gidanta, ita da 'yarta sun fita. Don haka wata Asabar ya ce mata zai je McLeansville duba tayoyi. Can ɗin ya je, amma aji ya shiga, ya wuni gaban wani tsohon ɗan sanda mai jan wuya. Ubale ya zata za a koya masa yadda zai ceci bayin Allah. Ina. Malamin cewa ya yi, mutumin da ba ka sani ba, ba ka san faɗansa ba. Wanda ka ga yana sama, wataƙila shi aka fara cuta. In ka zaro bindiga a kan kuskure, kurkuku ce makomarka. In kuma ka shiga kokawa da ita a ƙugu, to ka kai wa masu faɗa makamin da ba su zo da shi ba. Ubale ya rubuta duk wannan a littafi, ya ci jarrabawa, aka ɗauki zanen yatsunsa, laisin ya fito, ya sayi bindiga a ɓoye.

Tun daga nan ya koma sa doguwar riga ko da ana zafi. Bindiga na ƙugu a ƙarƙashinta, in ya iso gida ya kulle ta cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe a but ɗin mota. Tafiyarsa ma ta sake, yana wani buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hamata. Wata takwas Allah ya rufa masa asiri, bai ci karo da faɗan da ya wuce cacar baki ba.

Sai Nasiba ta haihu, aka ɗauko Gwaggo Rumasa'u daga Ringim ta zo wankan jego. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goya shi. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, amma duk abin da idonta ya gani, Ringim ta gani. Ita ce ta cika gari da labarin cewa Ubale ya gaji ubansa, har Turawa yake rabawa. Kuma a duniya babu bakin da Ubale ke tsoro irin nata.

Wata Asabar da la'asar ya kai ta babban kanti sayen kayan yaji. Sun fito tana ture da keken kaya, don ta ce ita ma sai ta tura, sai ga hayaniya a wurin ajiye motoci. Wani ƙato ya danne wani siriri a kan bonet yana kirɓa, wai ya goge masa mota. Mutane sun tsaya nesa suna kallo, kamar yadda ake yi a ƙasar.

Ƙafar Ubale ta tafi da kanta, taku uku. A na huɗu hannunsa ya taɓa ƙugu, sai ya tsaya cak. In ya rungumi ƙaton nan ta baya, hannun mutum ya faɗa kan bindiga, shi ke nan an yi gawa. In ya zaro ta, a kan wa? Wa ya fara? Abin da bai taɓa tambaya ba tun da aka haife shi, yau shi yake tambaya, siriri kuwa yana ta shan naushi. Sai dabara ta faɗo masa, irin ta mai ilimi: ya je ya kulle ta a mota, ya dawo hannu sake ya yi aikinsa. Motar tana can ƙarshen fili. Ya tattare riga ya zuba da gudu, tumbi na gaba yana biye.

Makulli ya ƙi shiga, akwati ya ƙi buɗuwa, ga shi sai ya kare da jikinsa kada a gani. Ko da ya dawo yana haki, an gama. Gwaggo ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shiga tsakani, ta kama wuyan hannun ƙaton da hannu biyu tana zazzaga masa Hausa. "Kai, ba ka da uwa ne? Kashe shi za ka yi a kan ƙarfe? Sake shi, don ubanka." Mamaki ne ya kama mutumin ko kunya, oho, ya dai saki. Siriri ya shige motarsa ya tsere, wata mata tana tafa wa Gwaggo.

A hanya, da suka tsaya a danja, sai ta juyo. "Ashe kana da gudu haka, Ubale," in ji ta. "Da tumbin nan ban zata ba."

Ranar cikar arba'in matan Hausawa suka taru a gidan. Yana daga falo yana jin Gwaggo a kicin tana kwaikwayon gudunsa, mata na faɗuwa don dariya. Matar Moutari ta kai wa mijinta, Moutari da ya san gaskiya ya yi gum, don shi ya ba da shawarar. Saura kwana uku Gwaggo ta hau jirgi, kuma Ubale ya san labarin zai riga akwatinta isa Ringim. Shekara goma sha biyar yana tara sunan nan. Ya auna ya auna: ya yi shiru ya zama matsoraci, ko ya yi magana rantsuwar matarsa ta hau kansa. Abin ya ci shi ƙwarai.

Da baƙi suka watse ya sami Gwaggo da Nasiba suna naɗe tabarmi. Ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Gwaggo, wallahi ba tsoro ba ne. Akwai dalili. Bindiga ce a jikina ran nan, da laisin ɗina da komai. Ajiye ta na je yi, don in dawo in raba."

Nasiba ta saki tabarmar da ke hannunta. Ta ɗauki jaririnta, ta kira Ilham, ta shige ɗaki, ya ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

Gwaggo kuwa ta daɗe tana kallonsa, ta riƙe haɓa.

"Tsaya in gane," ta ce. "Da na ɗauka hannu sake ka gudu, har ina cewa a zuciyata ɗan Adam ne, rai daɗi gare shi. Na ma yi niyyar in na koma gida in rufa maka asiri." Ta sunkuya ta ci gaba da naɗe tabarmarta. "Ashe da bindiga a jikinka ka gudu."