Zauren Baba a Unguwar Zango

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Mamman mai masauki, Allah Ya jiƙansa. Bai taɓa mallakar rumfa a kasuwa ba. Zaure gare shi a unguwar Zango, nan Zinder, inda fatake ke sauka: masu fatu, masu gishiri daga arewa, Kanawa da atamfofinsu. Shi ke ajiye musu kaya, shi ke haɗa su da masu saye.

Dokarsa ɗaya ce. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo sai ya ci tuwo ya huta. Ko dillali ya ƙagu, sai Baba ya ce, "Bari mutum ya wanke hannu tukuna." Ni ce babbar 'yarsa, ni na sha hayaƙin wannan doka, kuma ban ɓoye mitata ba.

Da zai leƙo yau, na tabbata murna zai yi. Gari ya buɗe. Manyan motoci na shigowa da kaya daga Nijeriya, su koma da wake da dabbobi. Hanyar Takieta ba ta rabo da lodi. Matasa na gama ciniki ta waya, baƙo ya kwana a otel ya wuce ba wanda ya san sunansa. Baba mutumin kasuwa ne, ba zai yi kukan jiya ba. Abin da zai tambaya kawai shi ne: wanda ba shi da halin otel fa, ina yake sauka?

Bana ƙanena Sani ya zo da magini, wai a rushe zauren a jera butik, wato shagunan haya. Ban ga laifinsa ba, gidan a bakin hanya yake, masu neman haya har sun fara zarya.

"Yaya, zamanin masauki ya wuce," in ji shi.

Na ce ya je tasha ranar kasuwa ya ga manoman Dakusa zaune kan buhunan gyaɗarsu, suna sayarwa da araha don kawai su koma gida kafin rana ta faɗi. Mai wurin kwana ba ya gaggawar sallama kayansa. Don haka ake son kasuwar garin nan tun kakanni.

Mun yi ta ja, har na yi fushi. A ƙarshe ya gina butik ɗinsa ta katangar gabas, ya bar zauren.

Buhunan da Baba ya tsare duk an cinye, yawancin fataken da ya sani sun bi shi. Abin da ya rage shi ne ƙofar nan a buɗe. Makon jiya wasu manoma suka kwana uku a ciki har farashi ya yi musu. Sani ne da kansa ya shimfiɗa musu tabarma.