Zaiba da Haƙorin Makkan Inna

Shekarar da mahaifiyata ta sauke farali, gidanmu na Bande ya yi mako guda yana cike da 'yan barka. Ta dawo da haƙorin Makka, ruwan zinariya, yana ɗaukar ido. Mace ce mai tsadar dariya, amma a makon nan ko akuya ce ta gifta sai ta washe baki. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don na san damina nawa ta yi tana tara gyaɗa kafin ta ga wannan rana.

Ƙanena ne ya ɓata shagalin. Ya yi shekara uku yana haƙar zinariya can arewa, ya dawo yana ganin babu abin da ya shige masa duhu. Tana cikin dariya ya hango tsohon cikon da aka yi mata a Damagaram, can a matauninta na ƙasa, baƙi kamar gindin tukunya.

"Inna, wannan ai zaiba ce a ciki! An faɗa a salula, guba ce. Kuma da ita muke kama zinariya, da idona na ga tana shanye ta. Haƙorin nan naki ba zai kai baɗi ba."

Zancen guba bai dame ta ba, shekara da shekaru tana tauna da cikon. Amma a ce wani abu zai cinye mata shaidar hajji! Daga ranar ta kulle baki. Gida ya rabu biyu, masu cewa a cire mataunin da masu cewa a bari.

Ranar kasuwa aka neme ta aka rasa. Matata ce ta ce ta tafi wajen wanzami. Ga shi mataunin nan shi kaɗai ya rage mata na cin abinci. Na hau moto ko hula ban ɗauka ba. Na tarar da ita a kan tabarma, baki buɗe, wanzami yana goge awartaki.

"Inna, don Allah ki tashi! Lokotoro ya sa cikon nan, lokotoro zai faɗa."

Washegari muka yi sammakon Damagaram. Likitan haƙorin ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce gaskiya ne akwai zaiba a ciki, su kansu likitoci suna muhawara a kanta, yanzu ma ana kauce wa sa wa yara da masu ciki. Amma cikon da ya zauna lafiya, barinsa ya fi tona shi.

"Haƙorin Makkan fa?" in ji Inna.

Ya duba, ya ƙwanƙwasa. "Hajiya, babu abin da zai same shi."

Da ta fita, ya rage murya ya ce mini: "Ba zinariya ba ce, ƙarfe ne aka rina. Zaiba ba ta da abin ci a nan."

A tasha na saya mata soyayyar gyaɗa. Ta watsa a baki, tana tauna ƙurus-ƙurus, tana dariya har fasinjoji na waiwaye.

"Ka gaya wa ƙanenka," ta ce, "zinariyar Makka ta fi ƙarfin zaibarsa."

Haka na gaya masa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.