Turbon da na ji muryarsa

Matso kusa ka ji, don wannan ba a faɗarsa da ƙarfi, maigidana yana ɗaki.

Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, kuma ba na son yawo. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune tsakar gida a Birni nake gane motar da ta wuce da wanda yake tuƙa ta.

Maigidana yana da wata tsohuwar mota mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda ya fi kula da ita fiye da rawaninsa. Ya canza mata inji, ya sa mata ƙaton salansa, duk bai ishe shi ba. Wata rana ya tafi Takieta ya dawo da wani ƙarfe cikin buhun shinkafa, a naɗe kamar ƙatuwar katantanwa.

Na ce, "Alhaji, wannan kuma ci ake yi?"

Ya ce, "Turbo ne, okaziyo, wato na hannu. Iska yake hura wa inji. Mai shi ya rantse wata biyu kawai ya yi aiki."

Bakanike ya ɗaura shi. Tun daga ranar motar ta koyi fito. In Alhaji ya taka ta a hanyar Mirriya sai ka ji fiiii, har wani direba ya taɓa tsayawa gefen titi yana laluben takardu, ya ɗauka usur ɗin jandarma ne. Alhaji ya ba da labarin nan ya fi sau ashirin.

Ni kuwa, ƙarƙashin fiton ina jin wani ɗan ƙir-ƙir, kamar ɓera a bayan tukunya. Na gaya masa. Ya ce, "Hajiya, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?" Ba a jima ba motar ta fara shan man inji kamar kunu, hayaƙi shuɗi na bin ta a baya. Alhaji ya sa aka kwance turbon, ya wanke shi tas da gazuwal a cikin kwanon wankina, ya ce sayarwa zai yi.

Wa zai zo saye? Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda da motarsa ta fasinja yake ciyar da 'ya'ya biyar. Ka san miji da ƙanin mata abokan wasa ne. Suka zauna kan tabarma, turbon a tsakiya.

Ƙanena ya ce, "Tsoho, ka tsufa da gudu ke nan?"

Alhaji ya ce, "Kai dai talaka, taɓa ka ji. Irin wannan ko a Kano sai an tona."

Ƙanena ya sa yatsa ya juya 'yar farfelar da ke ciki. Ina bakin murhu na ji ta sarai: ƙir-ƙir. In na yi magana na kunyata mijina a gidansa. In na yi shiru, motar ƙanena ta mutu a daji da mutane a ciki.

Sai ƙanena ya ɗaga murya: "Yaya, ke mai kunne, me kika ji?"

Alhaji ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Na ce, "Ina tuƙa tuwo." Na tuƙa sau uku, bakina ya ƙi zama. Na ce, "Ni dai haka injin niƙan maƙwabta ya yi kuka, ana jibi zai mutu."

Ƙanena ya kwanta yana dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Tsoho, ka sayi yayata da sadaki, amma kunnen namu ne!" Ya ci tuwo malmala biyu ya tafi, bai saya ba.

Alhaji ya yi kwana uku ba ya ce mini komai sai "miƙo ruwa". A rana ta huɗu ya ce ai wasa yake yi, shi ba zai cuci yaron ba. Na ce haka ne, Alhaji. Har yau bai yarda akwai ƙir-ƙir ba.

To kai da kake ji, da kai ne a bakin murhun nan, kurma za ka zama?