Uwar Sauro Ta Kwashe 'Ya'yanta

A unguwarsu babu mai kiranta da sunan yanka. Uwar Sauro ake ce mata, tana kuwa amsawa, don ba ƙazafi aka yi mata ba: kiwon sauro take yi, ana biyanta albashi a kai. Ɗakin aikinta yana ƙarshen baranda a wata cibiyar bincike, ɗan ƙarami, ga ɗumi ga laima kamar banɗaki bayan wanka. Kejuna ne na raga jere a kan kanta, ga farantan ruwa da 'yan tsutsotsin sauro ke wutsil-wutsil a ciki. Ruwan sukari take ba manyan sauron a auduga. Matan kuwa sai sun sha jini suke yin ƙwai, don haka takan naɗe hannun riga ta zura damtsenta cikin keji, ta kau da kai. A ɗakin aka ƙyanƙyashe su, ba su ɗauke da cuta, amma ƙaiƙayin yana nan.

Darajar sauronta ɗaya ce: tun kaka da kakanni ba su taɓa shaƙar maganin feshi ba. Na waje ya riga ya yi taurin kai, sai ya sauka a kan gidan sauro mai magani ya yi zamansa. Shi ya sa masana a ƙasashe da dama, in za su gwada sabon gidan sauro, sai sun sami irin nata sun kwatanta. Ita ke ɗibar ƙwai a jiƙaƙƙiyar takarda a aika musu, su kuma su aiko da abin da suka gano, da shi ake zaɓar gidan sauron da za a raba wa masu ciki a asibiti. Tana da wata takwara a can wata ƙasa, ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai su yi ta tura wa juna hoton keji a waya kamar masu gwada jikoki.

Aikin ya bi ta har gida. Ba ta shafa turare, ba ta yarda a kunna maganin sauro a ɗakinta, don abin da ya maƙale a zane ya isa ya hallaka keji guda. Mijinta, wanda tela ne, ya yi mita har ya gaji. Yayanta kuwa in ya zo sai ya ce, "Mutane na kiwon kaji, ke kina kiwon maƙiyi." Takan ce, "Yaya, ai wanda bai san maƙiyinsa ba shi ake kayarwa."

Wata safiya ta tarar da wani mutum goye da tankin feshi a farkon baranda, har ya soma aiki. Mai kula da gini ne ya kawo shi. Masanan ƙasashen waje za su zo ziyara, shi kuwa ya rantse ba za a ce sauro ya ciji baƙo a ginin da yake riƙe da shi ba. Ba mugu ba ne, gudun abin kunya ne ya yi masa yawa. Shugaban sashenta ya tafi tarbar baƙin, wayarsa a kashe.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai kula da ginin, "baƙin nan fa saboda sauron za su zo."

"Ba za mu shiga ɗakinki ba. Ki ja ƙofa."

"Iska ba ta san ƙofa ba."

"Na riga na yanke, baiwar Allah. Kuma kayan ofis ba ya fita sai da izini."

"To a ce ni na fitar."

Ta lulluɓe kejunan da jiƙaƙƙun tawul, ta riƙa fitar da su ta ƙofar baya. Mai gadi ya sha gabanta, ta tsare shi da ido, ya ga ba ranar wasa ba ce, ya matsa. Tasi ta farko da ta tsayar, sai da ta shinshina kujera, ta ji an fesa mata abin ƙamshi, ta sallami direban yana ta zage-zage. Ta biyu mai warin man fetur ce, ita ta shiga. Ta san sarai da aikinta take wasa, amma tsoron ta wayi gari ta share gawawwakin sauronta ya fi wannan.

Da yamma mijin ya dawo ya tarar da kejuna a falo, an rufe taga, ita kuma tana zaune da hannu ɗaya a cikin keji, ɗayan ya riga ya kumbura. Ranar shan jini ce. In ta wuce babu ƙwai, in babu ƙwai iri ya ƙare.

"Yau kuma maƙiyin har falona?"

"Baƙunci suka zo, ba za su daɗe ba."

"Ki fitar da su, ko kuwa..."

"Ko kuwa me, Baban yara? Ɗanmu na fari a cikin gidan sauro muka kwantar da shi. A ciki aka cije shi, don babu wanda ya san maganin ya daina aiki. Ni ba zan sake zama cikin rashin sani ba, ko da za su kore ni gobe."

Sun yi shekaru ba su ambaci yaron da suka rasa ba. Mijin ya tsaya riƙe da hularsa, ya rasa inda zai ajiye ta. Wayarta ta soma ƙara a kan tebur, daga ofis ne. Ta bar ta ta yi kukanta ta gaji.

Can ya ce, "Wane keji ne bai ci ba?"

Ta nuna masa da haɓa. Ya je ya wanke hannu da ruwa zalla kamar yadda ta umarta, ya naɗe rigarsa, ya zura damtse yana runtse ido.

"Kar ka motsa," ta ce. "Kuma in ka mari ko guda ɗaya, ni da kai ne."