Kwana Shida a Swindon da Saƙon Mama a Bakina

Kafanchan zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wata Asabar cikin Satumban 1989, na durƙusa gaban tabarmar Mama a gidanmu da ke bayan kwatas ɗin reluwe a Kafanchan. Wata biyar ke nan tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya shan komai sai kunu. Ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a da yarenmu, sannan ta ce, "Dauda, ka gaya wa yayanka ya zo in gan shi. Ka ce masa kada ya jinkirta, jikin nan ya gaji."

Yaya Bulus ya tafi Ingila koyon gyaran injin jirgin ƙasa shekara goma sha tara da suka wuce, ya yi aure can, rabonsa da gida tun jana'izar Baba. Shi ya aiko mini da tikiti in je in ga gari. Ba mu rubuta masa ciwon Mama ba, domin a gidanmu ba a sa irin wannan magana a takarda in dai akwai mai tafiya.

Biyar da kwata muka tashi daga tasha a Fijon Oga Chidi direba, wanda aka haifa a layin bayanmu. Yana ganina ya ce, "Ɗan reluwe, yau kai ma ka shiga mota? Jirginka ya mutu?" Na ce bai mutu ba, ba ranarsa ba ce kawai. Raina ya ɓaci, don ya fi ni kusa da gaskiya. Shinge uku muka tarar kafin Kachia, kamar yadda aka saba tun bayan rikicin da aka yi a garinmu. A na ukun soja ya kwance ƙunshin acca da busasshiyar citta da na ɗauka, ya shinshina, ya ce in wuce. Mun shiga Kaduna tara da rabi, na sake mota, ƙarfe uku ina Kano. Na kwana a Sabon Gari wurin wani ɗan majami'armu.

Lahadi

Jirgi ya tashi sha ɗaya na safe, ya sauke mu a Landan bayan awa shida da 'yan mintoci. Ban ci abincinsu ba. Da na fito na ga wani dattijo mai furfura cikin jibgegen kwat yana ɗaga mini hannu, sai da ya yi murmushi na gane yayana ne. Muka rungume juna. Ya ce, "Yaya gida? Yaya Mama?" Na ce, "Lafiya lau, tana gaishe ka."

Kowa a ƙasarmu ya san wannan gaisuwa ce kawai. Ko gawa ka baro a ɗaki haka za ka amsa. Bayan baƙo ya sha ruwa ya huta, sai babba ya kira shi gefe, su zauna su biyu, ya ce, "To, me aka aiko ka da shi?" Ƙarami ba ya buɗe jakar saƙo da kansa, ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa a gaban matar gida. Haka Baba ya rene mu, kuma Yaya Bulus ya riga ni shan wannan tarbiyya da shekara tara.

Daga filin jirgi zuwa Swindon mil sittin da ɗoriya ne, muka yi awa ɗaya da kwata a tsohuwar motarsa, ana yayyafi. Matarsa Baturiya, Madam Jin, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni shayi da dankali da wani nama da gishiri bai ji ba. Na ci, na wanke hannu, na gyara zama ina jira. Yaya ya yi hamma ya ce in kwanta, gobe akwai yawo.

Litinin da Talata

Yaya ya ɗauki hutun mako guda saboda ni, ya rubuta wuraren da za mu je a takarda ya manna a jikin firij. Farko ya kai ni wani shataletale da garin ke alfahari da shi: ƙananan shataletale biyar sun kewaye babba ɗaya, motoci na shiga ta ko'ina kamar tururuwa, ba ɗan sanda ko ɗaya. Sau biyu ya zagaya da ni yana dariya, ni kuwa na rufe ido ina kiran sunan Yesu.

Daga nan muka je unguwar ma'aikatan reluwe ta da, gidajen dutse a jere, tsaf. A gefenta akwai gidan ajiye tsofaffin injuna. Yaya ya ce da can ɗakin sujada ne. Na tsaya ina kallon kawunan jirgi, an goge su suna ƙyalli, a wurin da mutane suka taɓa durƙusawa, ba wuta a cikinsu, ba mai tuƙi. Ni fita ne, mai gyaran injin jirgin ƙasa, shekarata ashirin a loko inda ake gyaransu, amma ban ji daɗin wurin ba ko kaɗan.

Ran Talata ya nuna mini ma'aikatar da ya yi aiki, wadda aka rufe shekara uku da suka wuce. Girmanta ya isa gari guda, tagogi a farfashe, ciyawa ta fito tsakanin layukan dogo. Ya riƙe ƙarfen ƙofar ya ce, "Da jiniya ta busa, Dauda, sai ka ga kekuna sun cika titin nan. Yanzu kaya nake lodi a wani sito." Mu biyu ne kaɗai, maganar ta zo mini har maƙogwaro. Amma a tsaye muke, kuma bai tambaya ba. Na haɗiye ta.

Laraba zuwa Juma'a

Duk wanda Allah ya kai garin, ga sauran abin gani. Akwai wani tafki a bakin gari da agwagi da benci, da dakalin siminti mai tsawo a tsakiyar ruwa, wanda aka hana kowa tsalle daga kansa. Akwai wurin iyo a cikin gini mai rufin gilashi, inji ne ke kaɗa ruwan. Akwai kasuwa mai rumfa, inda ake sayar da ayaba ɗaya ɗaya, kowace da takardar kuɗi a jikinta. Ran Alhamis muka fita bayan gari mil goma sha wani abu, muka hau tudu don ganin hoton farin doki da mutanen da suka kankare a jikin ƙasa. Iska ta kusa tafiya da hulata. Muka ci kifi da soyayyen dankali a cikin takarda, a mota, Madam Jin na tare da mu.

Kullum da yamma sai in zauna a falo in ƙi tashi, in yi gyaran murya. Shi kuma sai ya kunna talabijin ya ce in ga ƙwallo. Haushi ya fara cina. Na ce a raina mutumin nan ya sani sarai, gudun maganar yake yi, uwarsa na kwance shi yana nuna mini agwagi. Na rage yi masa hira. Ya ce ko sanyi ne ke damuna, ya sayo mini suwaita.

Asabar

Bas ɗin filin jirgi zai tashi tara saura kwata na dare. Takwas da ashirin muna zaune a bencin tasha, Madam Jin ta je neman shayi. Na ga in na ƙara yin shiru zan koma da saƙon yadda na zo da shi. Na cire hula na ce, "Yaya, ka gafarce ni, zan yi rashin kunya. Mama ba ta da lafiya, wata biyar ke nan. Ta ce ka zo, kada ka jinkirta."

Ya juyo ya dube ni. "Wata biyar? Na tambaye ka a filin jirgi, ka ce lafiya lau."

"Ai gaisuwa ce, Yaya. Jira nake ka kira ni."

 Ya ce, "Na manta, Dauda. Ubangiji shaida ne, na manta ana kira. Nan in abu ya faru tun a bakin ƙofa ake faɗa. Da ka ce lafiya, daɗi ya kama ni har na ƙi sake tambaya." Ya share fuska da tafin hannu. "Hutun da ya rage mini a bana ke nan, na ƙarar da shi a yawo. Da ran Lahadi ka faɗa, da Talata ina gabanta."

Ya ce zai roƙi ogansa, amma shi sabon ɗauka ne, da wuya a sake shi kafin Disamba. Direba ya leƙo ya ce mu shiga. Har bas ɗin ya fita daga tasha Yaya yana zaune a bencin, Madam Jin na tsaye a kansa da kofin shayi biyu.

Komawa gida

Na sauka Kano da safiyar Lahadi, na hau motar Kaduna ƙarfe takwas, biyar da minti goma na yamma ina ƙofar gida. Mama ta sa an jingina ta da bango. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta daɗe tana duban ƙofar. Na durƙusa na gaishe ta, aka ba ni ruwa. Sai da na sha ta sallami kowa, sannan ta ce, "To, me ya ce?"

Na ce sai Disamba. Ta ce, "Yaushe ka gaya masa?" Na faɗa mata komai, ban rage ba, ina jira ta zage ni, don da na fi samun sauƙi. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ka yi daidai, ɗana. Haka muka koya maka."

Ta rasu bayan mako uku. Yaya Bulus ya iso ana saura kwana biyar Kirsimeti, na kai shi kabarin, ba wanda ya ɗora wa wani laifi. Ina gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Madam Jin saboda ɗawainiyarta, da matan zumunta da suka yi jinyar Mama a bayana. Masu tambayata ko Ingila da kyau, ina ce musu da kyau, na ga duk abin da aka rubuta a takardar nan ta jikin firij, ba mu tsallake ko ɗaya ba.