Rabin Fatawa a Kan Wasan Safana

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya san abin da harshe ya furta da abin da ya riƙe.

Abin nan ya faru ne a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, lokacin da rediyo ta fito daga gidajen manya ta shiga rumfunan kasuwa. Na dawo Batsari daga neman ilimi, ina karantar da magidanta fiƙihu a zauren mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ƙanena da muke ciki ɗaya shi ke riƙe da gonarmu ta hanyar Ruma, shi ke noma abin da nake ci. Bai yi nisa a karatu ba, saboda haka yana ɗaukar maganata da nauyin da ya fi ƙarfinta. Abu ɗaya na kasa raba shi da shi, shi ne ƙwallo.

A shekarar, azumi ya faɗo cikin agazari, zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, daidai da yankan gero. Samarin Safana suka aiko wa namu cewa su je a kara ranar wata Asabar bayan la'asar. Sau biyu a jere suna cin namu, har ya zama mutumin Batsari ba ya shan fura a kasuwarsu sai an tambaye shi lafiyar raga.

Majalisar masu son ƙwallo tana rumfar wani tela, daura da zaurena, don haka ina jin musunsu ko ban so ba. Jagororin musun biyu ne: telan, da wani direban babbar mota mai zuwa Ikko. Sukan share ƙasa su jera tsakuwa goma sha ɗaya kamar masu dara.

Tela ya ce, "Biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. Haka muka gada. Wanda ya zo cin gari ba ya ɓoye mayaƙansa a bayan ɗaki."

Direba ya ce, "Kai dai tsaya ga almakashinka. Wannan tsarin tun zamanin Bature ya mutu. Huɗu a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, da shi mutanen Barazil suka gagari duniya. Da idona na ga ana yin sa a Ikko."

"Da idonka, ko ta ramin katanga?"

Aka yi dariya. Tela ya ɗauki tsakuwa biyu na tsakiya ya ɗaga su sama. "To waɗannan bayin Allah fa? Su kai ƙwallo gaba, su dawo su tare baya, su sake komawa. Aikin mutum uku ka ɗora wa biyu. Jakuna ne? Ga azumi, ga yankan gero."

"Ƙanen Malam shi kaɗai ya isa mutum biyu," in ji direba. "Yaron da ke zuwa Ruma a ƙasa ya dawo bai nemi inuwa ba? A sa shi a tsakiya, in bai kai su ƙasa ba ku ƙona motata."

Kwana uku suna wannan, kuma tunda motar direba ce za ta kai su, tsarinsa ya yi rinjaye. Sai maganar azumi ta rage. Ranar Alhamis bayan azahar suka tsallako zaurena, suka tuɓe takalma, suka gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin ta mai buƙata.

Direba ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, mun ji an ce matafiyi yana da sauƙi. Yaran nan Safana za su. Ko za su iya ajiye azumin ranar su rama bayan Salla?"

Na ce masa tafiyar da ke halatta ƙasaru da ajiye azumi tana da iyaka a mazhabarmu, mil arba'in da takwas, kuma shi da kansa ya san tsakaninmu da Safana bai kai haka ba.

Ya sosa ƙeya. "To in na bi da su ta Katsina na zagayo fa?"

Na ce wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa don kawai ya sami sauƙi, sauƙin ba ya hawa kansa. Tela ya ce, "Ka ji ko? Har hanyar Allah kana so ka yi mata huɗu, biyu, huɗu." Suka fita suna dariya, ni ma na yi murmushi, ina jin daɗin yadda na toshe kowace kafa.

Duk abin da na faɗa musu daidai ne. Amma a babin azumin nan da nake karantarwa, 'yan layuka kaɗan a ƙasa, akwai wani hukunci: wanda ƙishirwa ko wahala ta kai shi ga tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa wajibi ne a kansa, ko yana tsakar ɗakinsa. Na san shi kamar yadda na san sunana. Ban faɗa ba, domin ina ƙyamar wasan, ina ganin in na buɗe wannan ƙofa samari goma sha ɗaya za su shige ta a guje. Na ce a raina, abin da aka tambaye ni na amsa.

Ranar Asabar ƙanena ya yi sammako gona, domin geron ya bushe tsuntsaye sun fara sauka. Ya dawo da azahar ya yi wanka, ya durƙusa a bakin zaure da takalmansa na roba a hannu.

"Yaya, za mu tafi."

"Allah Ya kiyaye."

Bai tashi ba. "Yaya, in ƙishin ya yi tsanani fa?"

A nan Allah Ya sake ba ni dama, tambayar ta zo daidai kan hukuncin da na riƙe. Ban ɗaga kaina daga takarda ba na ce, "Wanda ke da ƙarfin bin fata a guje yana da ƙarfin kai azuminsa. Babu wata hanya."

Ya ce, "To, Yaya." Ya tafi.

Ban je Safana ba. Tela ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, yana yi yana share ido da bakin hula. Ya ce tsarin direba ya yi aiki, kafin hutu namu sun ci biyu, duka daga ƙafar ƙanena ƙwallon ta fito. Da aka dawo, abokinsa na tsakiya ya gaji ya koma tafiya, sai ya zama shi kaɗai ke kaiwa yana komowa. Tela ya lura zufa ta daina fito masa, ya yi ta ihu a mayar da mutum ɗaya tsakiya, 'yan kallo suka ce tsoho ya yi shiru, ana ci yana ƙorafi. Can sai ƙanena ya tsaya a tsakiyar fili, ya juya kamar mai neman wani, ya faɗi.

Aka ja shi gindin wata bedi. Wani dattijo Bafulatani da ya zo kallo ya kawo ruwa a buta, ya ce, "Ɗana, sha, Allah bai ce ka kashe kanka ba." Ƙanena ya datse haƙora ya kau da kai. Abin da suka ji ya ce shi ne, "Yaya ya ce babu hanya." Waɗanda suka zo zaurena suka shaida cewa lallai haka Malam ya faɗa, kuma babu mai ilimin da zai ja da ni a wurin. Suka jiƙa masa riga, suka zauna suna duban rana. Da aka kira magariba suka ɗura masa ruwan, amma ya riga ya daina haɗiya sosai.

Washegari muka kai shi asibiti a Katsina. Fitsarinsa ya koma kamar ruwan zoɓo, daga baya ya ɗauke. Likita ya ce ƙoda ce ta tsaya. Ƙanena ya farfaɗo sau ɗaya a rana ta uku, ya gan ni, ya tambaye ni ko azuminsa na ranar ya yi. Na ce ya yi. A rana ta biyar ya cika, saura kwana shida Salla. Maƙwabta ne suka ɗaure mana sauran geron.

Na yi zaton mutane za su tuhume ni, har na so su yi. Babu wanda ya yi. A rumfar tela musun ya dawo, amma ba dariya. Tela ya ce da an bar uku a tsakiya da yaron yana nan. Wasu suka ce laifin 'yan gaba ne da ba sa dawowa taimako, wasu suka ce yankan gero ne ya cinye shi tun da safe. Ina zaune ina jin su suna jujjuya tsakuwa, suna neman inda kuskuren yake a cikin ƙasa.

Bayan sadakar arba'in direba ya zo zaurena shi kaɗai. Ya ce, "Malam, ni na kashe maka ɗan'uwa da tsarina. Ka yafe mini." Ya kifa kai yana kuka. Kalma kaɗan ce za ta sauke masa wannan kaya ta mayar da shi kan mai shi. Na dubi ɗalibaina da ke zaune, na ce masa ajali ne, na yafe. Ya yi mini godiya. Bai ƙara zama a rumfar ba, kuma ya rasu bayan wasu shekaru yana ɗauka shi ne sila.

Tun daga lokacin, duk shekarar da na buɗe babin azumi da wancan hukunci nake farawa, ɗalibai suna mamakin me ya sa nake saɓa jerin littafi. Ban taɓa gaya musu ba. Tela ya tafi, mahaifiyarmu ta tafi tana sa mini albarka, gonar hanyar Ruma ma yanzu ba mai iya zuwa. Waɗanda ya kamata in nemi yafewarsu babu ko ɗaya a raye. Na san rahamar Allah tana da faɗi, na karantar da haka shekara hamsin. Amma haƙƙin bawa sai bawa ya yafe, wannan ma ni na karantar da shi.